An Ci Moriyar Ganga: Tunawa Da Makaɗan Blues Na Farko

A shekarar 1927 wani makahon mawaƙi ɗan jihar Teksas, Blind Lemon Jefferson, ya sa wata waƙa a faifai wadda jigonta roƙo ne guda: in ya mutu, a riƙa kula da kabarinsa ana sharewa. A lokacin yana cikin mawaƙan da faifansu ya fi kasuwa a wurin baƙaƙen fatar Amurka. Bayan shekara biyu ya mutu a Shikago cikin tsananin hunturu, aka mayar da gawarsa garin Wortham aka binne. Kabarin nan ya zauna babu ko alama har 1967, kuma ko da aka zo sa alamar sai da aka yi kirdado, don babu mai tabbacin ainihin gurbin.

Ba shi kaɗai ba ne. Bessie Smith, wadda a shekarun 1920 babu baƙar fatar da ta kai ta samu a fagen waƙa, ta mutu a hatsarin mota kusa da garin Clarksdale a 1937. Dubban mutane suka yi mata rakiya a Philadelphia, amma sai a 1970 aka kafa dutse mai sunanta a kabarin, mawaƙiya Janis Joplin na ɗaya daga cikin mata biyun da suka biya kuɗin. Kabarin makaɗi Charley Patton kuwa ya jira fiye da shekara hamsin. Waɗannan kuwa su ne mutanen da suka aza harsashin kiɗan da Amurka da Ingila suka yi ta sayar wa duniya tun daga shekarun 1950.

Blues kiɗan talakawa ne, kuma kiɗan wahala. An haramta bauta a Amurka a 1865, sai dai 'yantattun bayin sun fito ba gona ba jari. A jihar Misisipi, musamman a fadamar da ke tsakanin kogin Misisipi da na Yazoo, wadda ake kira Delta, akasarinsu sun koma noman auduga na kashi-mu-raba a gonakin Turawa. Mai gona shi ke ba da iri da alfadari da bukka, a kantinsa ake cin bashin abinci, kuma littafin lissafi na hannunsa. Da kaka in aka zauna lissafi, sau da yawa manomi ya tarar shi ake bi. Ga dokokin wariya da suka raba makaranta da asibiti da taragon jirgi, ga kisan gilla da ba a hukunta kowa a kansa. A cikin wannan rayuwa ne kirarin da ake ƙwalawa a gona, da waƙoƙin aikin gayya na masu gina layin dogo da 'yan kurkuku, da waƙoƙin coci, suka haɗu da jita mai araha da ake oda ta gidan waya, aka sami sabon abu wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Tsarinsa ba wuya. Baiti layi uku ne: a faɗi na farko, a maimaita shi, na uku ya kawo amsa. Tsakanin layi da layi jita ke yin amshi, kamar mutum biyu na zance. Mawaƙin yakan lanƙwasa murya ta faɗa tsakanin sautuka biyu, inda fiyano ba ya iya kai wa, kuma don jitar ma ta yi irin wannan kukan sai a goga wuyan kwalba ko bayan wuƙa a kan tsirkiya. W.C. Handy, wani makaɗi mai ilimin rubuta kiɗa, ya ba da labarin cewa wajen 1903 yana jiran jirgi a tashar Tutwiler ya ji wani mutum cikin tsummoki yana yin haka da wuƙa. Handy ya ɗauki salon ya zuba a takarda, ya buga "Memphis Blues" a 1912 da "St. Louis Blues" a 1914, ya yi arziki. Mutumin tashar kuwa har yau babu wanda ya san sunansa.

Yau in an ce blues, hoton namiji shi kaɗai da jita ke zuwa wa mutane. Alhali mata ne suka buɗe ƙofar. Kamfanonin faifai sun ɗauka baƙaƙe ba su da kuɗin sayen garmaho, har sai da Mamie Smith ta yi "Crazy Blues" a watan Agustan 1920, faifan ya yi ta tafiya kamar wutar daji. Nan take aka ware wani rukuni na faifai domin baƙaƙe zalla, aka shiga farautar murya. Aka ɗauko Ma Rainey, 'yar Jojiya, wadda ta shafe kusan shekara ashirin tana yawon wasa a cikin tantuna kafin ta fara faifai a 1923. A shekarar ce Bessie Smith ta shiga kamfanin Columbia. Matan nan sun yi waƙa kan miji mai duka, da kuɗin haya, da giya, da kurkuku, da macen da ta tattara kayanta ta kama hanya, ba tare da neman afuwar kowa ba. Daga baya Memphis Minnie ta zo da jitarta tana kayar da maza a gasa.

Cinikin Jefferson ne, daga 1926, ya sa kamfanoni suka waiwayi mazan karkara. A birnin Jackson akwai wani Bature mai kantin faifai, H.C. Speir, wanda makaɗa ke zuwa gwaji wurinsa, in ya yaba ya tura su arewa. Kamfanin da ya fi ɗaukar su, Paramount, reshe ne na wani kamfanin kujeru a jihar Wisconsin, wanda ya shiga harkar faifai don ya sayar da akwatunan garmahon da yake ƙerawa. Da kayan banza ake buga faifan, shi ya sa mai sauraron Patton a yau sai ya ƙwaƙulo muryarsa daga cikin ƙara. Biya kuwa na nan take ne: a ba mutum 'yan daloli kan kowace waƙa, ya sa hannu, shi ke nan ya rabu da ita. Bessie da duk ɗaukakarta haka ake biyanta, babu kaso daga ciniki.

A wurina Patton ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ya tashi a gonar Dockery, wata ƙatuwar gonar auduga mai kama da gari, mai kantinta da tashar jirginta. Ɗan tsurut ne, amma muryarsa kakkaura, mai cika fili ba lasifika. Yakan kaɗa jita a bayan ƙeya, ya cilla ta sama ya cafe, ya doki jikinta kamar ganga, tun kafin a haifi taurarin da aka sani da wannan burga. Abin da ya fi wannan shi ne abin da yake faɗa. Ya yi waƙa kan ƙwaron da ya cinye auduga, da fari, da ɗan sandan da ya kulle shi, har da ambaton suna. A 1927 kogin Misisipi ya fasa shingayensa ya raba mutum fiye da dubu 600 da muhallinsu, a Greenville kuma aka tsare baƙaƙe a kan shingen kogi ana sa su aikin tilas a bakin bindiga. Patton ya yi wa ambaliyar waƙar da ta cinye fuska biyu ta faifai, yana lissafa garuruwan da ruwa ya ci ɗaya bayan ɗaya. Jaridun Turawa ba sa tambayar manomin auduga yadda ya ji. Faifan Patton na cikin 'yan wuraren da amsarsa ta tsira. Hoto ɗaya tak aka tabbatar nasa ne.

Sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo ta rushe kasuwar. Paramount ya daina ɗaukar murya a 1932. Makaɗa suka koma gona, wasu coci, wasu aikin jirgin ƙasa. Akwai faifan da kwafi ɗaya ko biyu kawai suka rage a duniya, akwai waɗanda sai sunansu a kundin kamfani.

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu, Robert Johnson, a ƙarshen zamanin ya zo. Waƙa 29 ya bari, da aka ɗauka a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937, ya mutu a 1938 yana ɗan shekara 27, ana zargin guba aka sa masa. Wurare uku ke da'awar kabarinsa. Abin da kowa ya sani game da shi shi ne wai ya je mararraba da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa aka ba shi iya kiɗa. Mu ma a nan, da makaɗi ya gagara sai a ce yana da aljanu. Tatsuniyar na da daɗin ji, tana kuma sayar da faifai, amma ƙwace ce. Yaron ya ɓace na wani lokaci ne ya je ya zauna wurin wani gwani, Ike Zimmerman, ya koya dare da rana, ya kuma naƙalci faifan magabata har ya narkar da salonsu cikin nasa. Wanda ya ce Shaiɗan ne ya ba shi, ya hana shi ladan guminsa, ya kuma shafe sunan malaminsa.

Daga nan labarin ya bi layin dogo. Alan Lomax, mai tara waƙoƙin gargajiya domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ya ɗauki muryar wani direban tarakta a gonar Stovall a 1941. Mutumin, Muddy Waters, da ya ji kansa a faifai sai ya gane shi ma zai iya, a 1943 ya bi ayarin miliyoyin baƙaƙe masu ƙaura arewa, ya sauka Shikago, ya jona jitarsa da lantarki don a ji shi cikin hayaniyar mashaya. Faifansa da na Howlin' Wolf, wanda ya koyi kiɗa a hannun Patton, suka tsallaka teku suka faɗa hannun samarin Ingila. Ƙungiyar Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters ta samo sunanta. Eric Clapton ya sha faɗin cewa Robert Johnson ne madubinsa.

A tsakanin nan wasu samari Turawa masu tara tsofaffin faifai suka fara tambaya: shin mutanen nan suna raye? A 1963 ɗaya ya bi sunan ƙauyen Avalon da ya ji a wata waƙar 1928, ya tarar da Mississippi John Hurt yana aikin gona. A watan Yunin 1964, watan da aka kashe matasa uku masu fafutukar 'yancin jefa ƙuri'a a Misisipi, aka gano Skip James kwance a asibiti a Tunica, aka gano Son House a Rochester, ya daɗe da jingine jita har sai da wani saurayi ya tuna masa yadda yake kaɗa waƙoƙinsa. Tsofaffin suka hau dandamali gaban dubban mutane. Hurt ya mori abin shekara uku, James biyar.

A yi adalci, wasu magadan sun san hakki. Ƙungiyar Cream ta sake rera wata waƙar Skip James da sunansa a kai, kuɗin da ya samu ya taimaka masa a jinyarsa ta ƙarshe. Rolling Stones suka sa aka gayyato Howlin' Wolf wani shirin talabijin na Amurka a 1965. Amma ga Arthur Crudup, wanda waƙarsa ce Elvis Presley ya fara fitowa da ita a 1954, ya mutu a 1974 cikin talauci yana bin hakkinsa. Mawaƙi Willie Dixon sai da ya kai ƙungiyar Led Zeppelin kotu kan waƙarsa a 1985 kafin a sasanta a sa sunansa. Patton da ya mutu tun 1934 kuwa, wa zai kai ƙara a madadinsa?

Akwai wata igiya da ta ɗauro wannan labari da ƙasarmu. Masanin kiɗa Paul Oliver a 1970, da Gerhard Kubik na Ostiriya a littafinsa na 1999, sun nuna cewa salon Delta ya fi kama da kiɗan yankin Sudan ta yamma da ta tsakiya, daga Mali zuwa arewacin Najeriya da arewacin Kamaru, fiye da kiɗan gangunan bakin teku: mawaƙi guda, kayan tsirkiya, murya mai karya da lanƙwasa. Kubik har da kiɗan goge na Hausawa ya kafa hujja. Wani dalili da ake bayarwa shi ne an hana bayi ganga a wasu yankunan, kamar Karolina ta Kudu bayan tawayen 1739, aka bar su da tsirkiya. Makaɗin Mali Ali Farka Touré na Niafunké, da ya ji makaɗin blues John Lee Hooker, cewa ya yi wannan ai kiɗan gida ne. Duk da haka kada zumuɗi ya kwashe mu mu ce namu ne aka ɗauka. Iri ya tafi daga nan, amma shukar a gonar auduga ta tsiro, kuma waɗanda suka sha ranar su ne masu ita.

Abin da ya rage na faifan nan yanzu an tattara shi, an rage masa ƙara, yana kan intanet. Mai karatu da ke da waya ya nemi waƙar ambaliya ta Charley Patton, ya nemi Bessie Smith da Skip James. Jin farko zai yi nauyi, Turancin ma ko Ba'amurke ba duka yake ganewa ba. A daure a maimaita, kuma in an tura wa aboki a tura da sunan mai waƙar.