Keken tsere mai canza giya da batir: wanne za a saya?

Yau mun leƙa kasuwar kekunan tsere, irin na gasar Tour de France. A can an bar jan waya. Maɓalli ake taɓawa, ƙaramin inji mai batir ya canza giya.

Kamfani uku ke riƙe da kasuwar. Shimano na Japan ya fito da Di2 a 2009: a samfurin yanzu batir ɗaya ne a ɓoye cikin keken, caji guda na kai kusan kilomita 1000. SRAM na Amurka ya kawo eTap a 2015, babu waya sam, batir biyu ne. In na baya ya mutu, sai a ciro na gaba a sa. Campagnolo na Italiya ya shigo da EPS a 2011, sai 2023 ya rabu da waya.

Kuɗi fa? Farashin kamfani na babban samfuri ya haura Yuro 3000, kusan miliyan biyu na Sefa, ban da keken kansa.

Duka ukun suna aiki da kyau, amma maɓallin wani ba ya jin injin wani. Ɗan kasuwar da zai saro ya fara tambayar batir, caja da kayan gyara. In babu su, jarinsa ya kwanta.