Yaro ya yi barci a mota: me zai tare masa kai?

Ƙasar Adar ƙasar matafiya ce. Daga Tawa, in ka yi kudu ta Badagishiri da Tsarnawa ka faɗa babbar hanyar Ƙonni, Yamai na gabanka da tafiyar sama da kilomita 500. In ka yi arewa ta Abalak a kan hanyar yuraniyom, Agadas na nan wajen kilomita 400, kwalta a wani wuri, ramuka da yashi a wani. Babu yaron da zai yi irin wannan tafiya ido biyu. Kafin a ci rabin awa gyangyaɗi ya kama shi, kai ya faɗo gaba ko ya karkata gefe yana bugun gilashi duk sanda taya ta faɗa rami. Iyaye kan ce ya samu barci, a bar shi. Ni kuwa ina ganin a daidai wannan lokacin ne yaro ya fi zama cikin haɗari, kuma duk wani tanadi da za a yi masa a mota, in bai tare kai da wuya ba, rabin aiki ne.

Dalilin yana cikin halittar yaron. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, na babba kuwa wajen ɗaya cikin takwas ne. Wannan babban kai yana zaune a kan wuyan da ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, da sauran guringuntsi a jikinsu, jijiyoyin da ke riƙe su kuma suna da saurin miƙewa. Sai yaro ya kai wajen shekara 8 wuyansa ke fara kama da na manya. Kafin nan, inda ya fi lanƙwasa yana can sama kusa da ƙeya, wurin da lakar da ke tafiyar da numfashi take bi. Abin tsoron shi ne ƙashin bayan ƙaramin yaro na iya miƙewa ya koma yadda yake, amma lakar da ke cikinsa ba ta jure irin wannan ja. A 1982 wasu likitoci biyu a Amurka, Pang da Wilberger, suka bayyana irin wannan rauni: a ɗauki hoton ƙashi a ga babu karaya, alhali laka ta riga ta taɓu, ƙafafu sun mutu. Ga iyalin da ke Takanamat ko Cintabaradan, wanda zai fara neman motar zuwa babban asibitin Tawa, daga nan wataƙila a tura shi Yamai, raunin laka ba abin da ake fatan gyarawa ba ne.

Bel ɗin mota mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin ya ƙirƙira wa kamfanin Volvo a 1959, an auna shi ne da jikin babban mutum. Ɗora ɗan shekara 6 a kujerar baya ka ɗaura masa, za ka ga igiyar sama ta bi ta maƙogwaro, ta ƙasa kuma ta hau kan ciki maimakon ƙashin ƙugu. Igiyar na damunsa a wuya, sai ya tura ta ƙarƙashin hammata ko bayan baya. In aka yi karo a haka, jiki ya ninke biyu a kan igiyar ciki, hanji ya ji rauni, kai kuma ya wuce gaba ya daki kujerar direba ko gwiwar yaron kansa. Don gyara wannan ne Volvo ya fito da matashin ɗaga yaro a 1978. Aikinsa ɗaya ne tak: ya ƙara wa yaro tsawo har igiyar sama ta sauka a tsakiyar kafaɗa, ta ƙasa ta kwanta a saman cinyoyi. Binciken da asibitin yara na Filadalfiya ya wallafa a 2009 ya nuna yara 'yan shekara 4 zuwa 8 da ke kan irin wannan kujera sun samu ragin haɗarin rauni da kashi 45 cikin ɗari, in aka kwatanta da waɗanda aka ɗaura wa bel kawai.

To amma kujerar iri biyu ce, kuma nan maganar take. Akwai matashi zalla, wanda ake zama a kai kawai. Akwai kuma mai jingina, wadda ke da baya dogo da fikafikai biyu a gefen kai, da ƙugiyar da ke riƙe igiyar kafaɗa a inda ya dace. Matashi zalla ya dogara ne ga motar: dole bayan kujerar motar ko matokarin kanta ya kai aƙalla saman kunnen yaro, in ba haka ba, da an daki motar ta baya kai zai wurga baya ba abin da zai tare shi. Ka lura ma, ɗaga yaron da matashin ya yi na iya fito da kansa sama da bayan kujerar, wato a gyara ƙugu a ɓata wuya. Yanzu dubi motocinmu. Akasarinsu gwanjo ne da suka sha aiki a Turai kafin su sauka a tashoshin ruwan Lome ko Kwatano. Sau da yawa an cire matokaran kai na baya don a samu wurin kaya, ko sun ɓace a hannun mai na biyu, tsakiyar kujerar kuma a tsofaffin motoci igiyar ciki kawai gare ta. A irin wannan mota, a kan irin wannan doguwar hanya, mai jingina ce ta cancanci kuɗin mutum, domin ita ce ke riƙe yaro mai barci a cikin bel. A dokokin Turai ma, tun 2017 ba a amincewa da sabon samfurin matashi zalla sai ga yaron da ya wuce santimita 125 da kilo 22, ƙa'idar R129 ta 2013 kuma ta kawo gwajin karo ta gefe.

Mai ƙorafi zai iya kawo wancan binciken na 2009, domin bai ga wani bambanci a fili tsakanin kujerun biyu ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba zan ce matashi zalla banza ba ne. Ga yaro babba, a mota mai matokarin kai, a tafiyar cikin gari, ya wadatar. Sai dai motocin iyalan Amurka aka auna, ba motar da aka tuge wa matokari aka bi da ita hanyar Keita ba. Abin da nake ƙi gaba ɗaya shi ne kayan da ke kama da kariya alhali ba ita ba ce: kujerun tsumma masu igiyoyi da ake ratayawa a bayan kujera, da ɗaurin goshi da ake tallatawa a intanet don kada kai ya faɗo. Ɗaurin na iya zamewa ya koma wuya, kuma in jiki ya yi gaba kai na ɗaure, wuyan ne zai biya. Kujerar kirki tana da tambari mai ruwan lemo da harafin E a cikin da'ira. Ta gwanjo kuma a duba ta da kyau, don wadda ta taɓa shiga haɗari ko ranar Afrilu ta gasa robarta har ta fara tsagewa ta gama aiki.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na talauci. Yara nawa ne a Adar ke hawa motar gidansu? Mafi yawa a kabu-kabu suke, goye a bayan uwa, ko a cinya cikin Hiace, ko a bayan Land Cruiser ranar kasuwa. Ba na musun wannan, kuma duk wanda ya ce gobe jandarma su fara cin tarar rashin kujerar yara bai san ƙasar ba. Amma ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani masu dawowa daga Abijan da mota ba kaɗan ba ne a Tawa, kuma wanda ya iya sayen taya huɗu zai iya sayen kujera ɗaya da yara uku za su gada. Sauran kuma sanin yadda wuya ke karyewa bai buƙatar dala. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar ido yaro mai kilo 20 kan koma nauyin ɗaruruwan kilo, babu hannun uwar da zai riƙe shi. Saboda haka yaro ya zauna a baya, nesa da jakar iskar gaba, kada a haɗa shi da babba a bel ɗaya, kada a kwantar da shi a kujera ba ɗauri, a kuma maido da matokarin kai in yana cikin but. Jarirai da 'yan ƙasa da shekara 4 kuwa tasu kujerar daban ce, mai kallon baya ta fi, dabarar da Bertil Aldman na Suwidin ya fito da ita a 1964.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijar, ANISER, da gidajen rediyon Tawa suna da hanyar kai wannan bayani cikin Hausa da Tamashek. Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne ɗakin awon yara, inda ake riga ana auna tsawo: ma'aikaciyar jinya ta faɗa wa uwa cewa har sai ɗanta ya kai santimita 135, wasu ƙasashen ma 150 suke cewa, bel ɗin manya bai yi masa daidai ba.