Wa zai karɓi gatana daga bakin kakanninmu?

Jama'a masu saurarenmu na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, da ku ƴan uwa da ke karanta mu daga Kano, Agadas, Libiya ko Abijan, ku gwada wani abu yau da dare. Ku ce ma yaran gida "ga ta nan, ga ta nanku". Da yawa za su amsa "ta zo mu ji ta". To sai ku sa ɗayansu ya kawo gatanar Gizo da Ƙoƙi tun daga farko har ƙurunƙus. Nan ake cijewa. Mu kanmu masu riƙe da makirfo mun gwada, sai munka tarar rabin waƙar da ke tsakiyar labarin ta zube muna.

Shi ya sa muke kira a kafa ƙungiyoyin koyon gatana cikin garuruwa. A da ba a bukatar ƙungiya, dandali da tsakar gida sun isa. In kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ga farin wata, sai a fara da kacici-kacici, wanda ya kasa amsa ya ba da gari. Tsohuwa ta kawo tata, sannan a ce ma yaro "kai ma kawo taka". In ya tsallake wuri, nan take a yi mishi caa, a gyara mishi. Haka anka koya. Har tsoratar da mu aka riƙa yi cewa mai gatana da rana ɓacewa zai yi, don dai kada a bar aiki. Yanzu salula ta cinye wannan lokacin da finafinai, samari kuma da an gama girbi sun tafi bida.

Wasu za su ce ai an rubuta. Gaskiya ne. Wani Bature, Frank Edgar, ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, kuma a Yamai akwai cibiyar CELHTO da ke tattara al'adun baka tun 1968. Amma takarda ba ta riƙe tsamin bakin Gizo, ba ta riƙe muryar kura in ta ga nama, balle ɗan shirun da mai gatana ke yi don yara su matso kusa. Waɗannan sai an yi gaban mutane, an yi kuskure, an yi maka dariya, ka sake.

Tsarin ba shi da wuya, ba ya son kuɗi. Tabarma, dare ɗaya a mako bayan isha'i da karatun allo, tsofaffi biyu ko uku, da matasa da yara kamar goma. Tsohuwa ta ba da gatana sau ɗaya, a daren nan wani ƙarami ya maimaita ta, sauran su gyara. A fara riƙe waƙar da amshinta, don ita ke saurin ɓacewa, kuma ita ke jawo ma mutum sauran labarin. Kowa in zai fara ya faɗi daga wa ya ji ta. In ta Cadawa ta saɓa da ta Tibiri, kada a ce sai ɗaya ce daidai. Katsinawa da Gobirawa kowa da yadda ya gada, a riƙe duka biyun.

Abin da za a kiyaye sosai shi ne mata. Mafi yawan gatana a bakinsu take, amma in anka kai zaman fadar shayi, maza ne za su mamaye shi, iya ta yi shiru. Gara a yi shi cikin gidan wata dattijuwa. Garuruwan da ke da kulob na masu sauraren rediyo, irin na Dimitra, sun riga sun saba da zaman mata daban, na maza daban, sai dai su ƙara dare guda.

Mun san akwai masu cewa gatana ƙarya ce da ɓata lokaci. Ai ita ba ta taɓa ɓoye haka ba, mai ba da ita ma a ƙarshe Gizo yake ɗora ma laifin ƙaryar. Cikin wannan ƙarya yaro ke ganin inda kwaɗayin kura ke kai ta, ya kuma koyi tsayawa ya yi magana gaban jama'a ba rawar murya. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kuma a Dogon Dutsi har biki ake shirya ma wannan fasaha, mai suna Gatan-Gatan. Waɗanda za su hau irin wannan dandamali gobe daga tabarmar gari za su fito.

Ku na nesa, in kun kira gida kada a tsaya ga gaisuwa da batun aike. Ku roƙi inna ko kaka, da yardarta, a ɗauki muryarta a turo muku ta WhatsApp, ku sa ɗiyanku su ji, mako mai zuwa su mayar mata da bakinsu ta gyara musu. Ƙungiyar da ta fara kuma ta aiko muna da murya, tare da sunan gari da na wadda anka koya daga gare ta, mu sa a iska.