Tekun Kwatano ba Gulbin Rima ba ne

Duk yaron da ya tashi a Kwalkwalawa gani yake ya gama sanin ruwa, nawa ma haka. Muna isa bakin teku a Fidjrossè, cikin Kwatano, ɗana mai shekara 9 ya fara tuɓe riga, wai ai yana iyo a Rima. Wata mai sayar da kwakwa ta daka masa tsawa da Faransanci, ni kuma na cafko hannunsa kafin in gane abin da take faɗi.

Gaskiyarta. Gulbi gefe ɗaya yake gudu, kina ganin inda ya nufa. Teku kuwa yakan turo ruwa bakin gaɓa, sannan ruwan ya nemi wata siririyar hanya ya koma ciki da ƙarfi. Abin da ke ruɗar baƙo, wurin nan ne ya fi kama da kwanciyar hankali, don igiyar ruwa ba ta cika fashewa a kansa ba. Wanda ya ja, in ya ce zai yi kokawa da shi ya dawo kai tsaye, gajiya ce za ta kayar da shi. Gefe ake bi har a fita daga jan. Yaro dai iyakarsa idon sawu, hannunsa cikin naki. Nutsewa ba ta da ihu, kada ki dogara da kunne kina duba waya.

Ban faɗi haka don in hana ki zuwa ba. Garin ya cancanci wahalar hanya. Ta Legas muka bi, muka ƙetara iyakar Seme. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ki riƙe fasfo da katin allurar shawara na kowa, har yara, ki kuma canza sefa tun da wuri. A Zango muka sauka, inda za ki ji Hausa a bakin masallaci, ki ci tuwo kamar kina gida. 'Yan acaɓa masu rigar rawaya, su ake kira zemijan, sun kai mu ganin gunkin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022. 'Yata har yau zancensa take.

Sai zafi. Namu na Sakkwato busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Nasu jiƙaƙƙe ne, ko da dare jiki na danƙo, kwana biyu ƙurajen zafi suka feso wa ƙaramar a wuya. Kayan auduga marasa nauyi da wanka akai-akai suka yi mana magani. Sauronsu ba ya jiran damina, don haka gidan sauro ya shiga jaka tare da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. In zazzaɓi ya taso bayan kun dawo, a yi gwajin jini ranar, ki gaya wa likita inda kuka je.