Ayaba da Hunturu a Garkunan Tondikandiya

A ƙasar Tondikandiya, cikin Dallol Boso, ruwa ba shi da nisa. Tun farin shekarar 1984, manoma sun ƙara himma ga noman rani. Amma ayaba ba albasa ba ce: ba ta son ɗari. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin dare yana tsai da girmanta, iska tana yayyaga ganyenta.

To, mai garka ya yi mata darni da karan hatsi, gabas da arewa. Ya zuba taki a gindinta, ya rufe da ciyawa. Ya ba ta ruwa da hantsi, ban da mai kanwa.

In ganyen ya bushe, kada ya tuge ta. Gindin yana da rai, zai yi toho da bazara.