Magungunan mura masu sa barci da kitsen hanta: Abin da bincike ya nuna

A unguwar Mile 12 da ke Legas, inda dubban 'yan Arewa ke sana'ar kayan gwari, da wuya a shiga kemis a rasa Piriton ko cyproheptadine. Na farko ana shan sa ne saboda mura da ƙaiƙayi, na biyu kuwa mutane da dama na sayen sa domin su yi ƙiba, kuma yana cikin magungunan da ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe".

Dukkansu biyun suna toshe aikin sinadarin histamin. A cikin ƙwaƙwalwa, wannan sinadari na taimaka wa mutum ya kasance a farke, yana kuma rage sha'awar abinci. Idan aka toshe shi, sai barci ya zo, ci ya ƙaru, motsa jiki ya ragu.

A nan ne batun hanta ya shigo, domin ƙiba da ciwon suga su ne manyan abubuwan da ke tara mata kitse. Likitoci na ɗaukar lamarin a matsayin cuta idan kitsen ya haura kashi 5 cikin 100 na hantar, kuma yakan daɗe bai nuna wata alama ba.

A shekarar 2010, masu bincike na Jami'ar Yale ta Amurka sun gano cewa manya masu shan magungunan da ke toshe histamin sun fi sauran nauyi da faɗin ƙugu. A 2014 kuma, wani gwaji a Jami'ar Kansas ya nuna ƙaruwar kitse a hantar ɓerayen da aka ba su irin waɗannan magunguna tare da abinci mai maiƙo.

Sai dai binciken farko alaƙa ya nuna, bai tabbatar da sababi ba, na biyu kuma a kan dabbobi aka yi shi. Haka nan duka biyun sun fi karkata ga cetirizine da fexofenadine, waɗanda ba su cika sa barci ba.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne haɗarin cyproheptadine. A 2023, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan Apetamin, maganin ƙiba na ruwa mai ɗauke da shi, inda ta ambaci illa ga hanta.

Saboda haka, shan maganin mura na 'yan kwanaki bisa ƙa'ida daban yake da shafe watanni ana shan na ƙiba. Duk wanda ya daɗe a kansu ya kamata ya ga likita domin gwajin jini da hoton hanta, musamman idan idanunsa sun fara yin rawaya.