Gubar Jini, Ciwon da Ba Ya Jiran Wayewar Gari

Duk wanda ya san ƙasar Gazawa da Agye da Gidan Rumji ya san cewa idan damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, sauro kuma ya yawaita, to lokaci ya yi da gidajen likita ke cika da yara masu masassara da tamowa. A cikinsu akwai waɗanda ciwonsu kan juya farat ɗaya, yaron da ya sha nono da hantsi ya zamana bai san inda yake ba kafin magariba. Ɗaya daga cikin sabuban wannan shi ne gubar jini.

Asalin al'amarin, kamar yadda malaman ɗibbu suka bayyana, ƙwayoyin cuta ne kan shiga jiki ta huhu, ko hanji, ko mafitsara, ko miki, ko cibiyar jariri, ko mahaifar mai jego. Sai jiki ya tashi yaƙarsu, amma ya wuce haddi, har ya koma yana ɓarna ga gaɓoɓinsa, jini ya kasa zagayawa, ƙoda ta daina aiki, hankali ya gushe. Ƙididdigar da aka buga a 2020 ta nuna cewa a shekarar 2017 kaɗai mutum wajen miliyan 49 suka kamu a duniya, miliyan 11 kuma suka riga mu gidan gaskiya.

Wani sashe na ilmin da duniya ke dogara da shi a wannan babi, a jihar Maraɗi aka samo shi. Bayan yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre sun yi nazari a kan yara 311 da aka kwantar a Maraɗi saboda tamowa mai tsanani tsakanin 2007 da 2008, suka tarar da ƙwayoyin cuta a jinin kashi 17 cikin ɗari. Wani nazarin na wancan lokaci ya gano cewa kusan sulusin yaran da aka auna sun zo asibiti ɗauke da ƙwayoyin da suka riga suka gagari magungunan da aka saba bayarwa. Daga baya, a ƙasar Madarunfa, aka jarraba maganin amoksisilin a kan yara 2,399 masu tamowar da ba ta haɗu da wani ciwo ba; sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bai ƙara yawan masu warkewa ba, ko da yake ya rage waɗanda aka kai ga kwantarwa.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake: maganin ƙwayoyin cuta yana da muhallinsa da mizaninsa. Kafso biyu da aka saya a tiren mai talla ranar kasuwa ba za su ceci mai gubar jini ba, illa dai su jinkirta tafiya asibiti, su kuma koya wa ƙwayoyin taurin kai. Abin da ke ceto shi ne allurar da ta dace ta jijiya tun cikin sa'o'in farko, da iskar numfashi, da ƙarin ruwa bisa awo, da ƙarin jini idan ya yi ƙaranci.

Saboda haka wajibi ne iyaye su kiyaye alamomi: numfashi da sauri, ƙin nono, amayar da duk abin da aka ci, sanyin tafin hannu da ƙafa, ƙarancin fitsari, jijjiga, da barcin da ba a iya tayarwa. Haka nan mai jegon da ta yi zazzaɓi tare da wari ko ciwon mara. Tawakkali na gaskiya bai hana riƙon sababi ba. Maigida, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko da tsakar dare ne, nemi babur ko amalanke ku kama hanyar gidan likita mafi kusa.